Ragamar Verlene

Verlene Hruska ce ta kayar da ni a gasar sarauniyar rodiyo ta jiharmu, wato wasan kaboyi na dawakai da bijimai, tun muna 'yan mata, kuma har ta bar duniya ba ta bari na manta ba. Ko a ƙofar coci muka haɗu sai ta ce, "Ta-biyu, ya gida?" Ni kuma in ce mata alƙalan ne suka manto tabarau. Haka muka tsufa, makiyayarta na kallon tawa, a wannan lungu na yammacin Amurka inda shanu suka fi mutane yawa.

A zamanin iyayenmu sarautar ba ta wuce ta tikiti ba. Yarinyar da ta fi sayar da tikitin wasa ita ake ɗaura wa kambi a malafa, ko da jaki ba ta iya hawa ba. Daga baya aka ce ba a san haka ba, dole a ga hawa. To, a nan ne Verlene ta yi mana fintinkau. Gaskiya ɗaya ce, ko ni da nake jin haushinta na san ban kama ƙafarta ba.

Shekararta ta sarauta ba hutu. Ita ce mai shigo da tuta kafin kaboyi su fara hawan bijimai, ita ce mai koro maruƙa daga fili. Ta je makarantu, ta je asibitoci, ta ci waken gwangwani a garuruwan da ko a taswira babu su. Amma abin da mutane suka riƙe shi ne zagayenta: doki na sukuwa, linzami a hannun hagu, hannun dama a sama tana gaida jama'a, kowa na rantsuwa shi ta kalla.

Bayan nan ta auri Emil, ta haifi ɗa ɗaya, Orrin, ta binne Emil da wuri, ta ci gaba da kiwo ita kaɗai. Duk yarinyar da ke son shiga gasar, wurinta ake kai ta. Faɗa gare ta kamar zakara, amma ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Tsufa ya zo mata da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun hagu ne ya ƙi. A wannan shekarar aka shirya babban biki, aka gayyaci duk tsofaffin sarauniyoyi su yi zagaye ɗaya a fili. Waɗanda ba sa iya hawa, aka ce za a jera su a bayan a-kori-kura, kan damin ciyawa.

"Ni kabewa ce da za a loda ni a mota?" in ji Verlene.

Orrin ya yi lallashi har ya gaji. A ƙarshe ya ce ta hau tsohon dokinta, amma shi zai riƙe ragama ya ja. Wannan ya fi motar yi mata ciwo, kuma na san dalili. A wurinmu mutum biyu ake ja wa doki: ƙaramin yaro, sai kaboyin da ya mutu, wanda ake zagayawa da dokinsa sirdi ba kowa. Verlene da kanta ta ja irin wannan dokin ba sau ɗaya ba. Ta ce masa ita ba yarinya ba ce, kuma ba ta mutu ba tukuna. Shi kuma ya kafe, ko ragama ko mota. Ta yi shiru, ya ɗauka ta yarda.

Ranar bikin ni na shirya ta. Na ɓalla mata maɓallan riga, na kafe mata malafa da fil, tana ta mitar wai hannuna ya yi nauyi. Maza biyu suka ɗora ta a kan dokin. Da ta zauna a sirdi, bayanta ya miƙe, sai na ji idona ya cika.

Ina bakin ƙofar fili lokacin da aka kira sunanta a lasifika. Jama'a suka miƙe. Orrin ya ja dokin, ba su yi nisa ba na ji ta ce, "Orrin, sake ni."

"Mama, mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Sake ni, ɗan nan, a gaban mutane nake roƙonka."

Ya waiwayo ya dube ni. Na kawar da kai. Ya kwance igiyar, ya ja da baya.

Dokin ya ci gaba da tafiya a hankali, ita kaɗai a kai. Ta sa linzami a hannun hagu kamar yadda ta saba, ya zame. Ta sake sawa, ya sake zamewa. Sai ta kama da dama, dokin ya daidaita. Tana iya gama zagayen a haka, ba wanda zai ce uffan. Amma mutane na ta ɗaga mata hannu, yara na kiran sunanta, ita kuwa ba ta da hannun ramawa. Na ga ta kalli hannun hagun nan da ke kwance a cinyarta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na lokacin ba.

Ta tsayar da dokin a tsakiyar fili. Orrin ya rugo.

"Kama," ta ce. "Mutane sun taso daga nesa, ba zan wuce su kamar ban gan su ba."

Ya ɗaura igiyar, ya ja. Ta saki linzamin, ta ɗaga dama sama, ta gaida kowane ɓangare har suka zagayo, hawaye na bin kumatunta. Jama'a na ta tafi, sun ɗauka na murna ne.

Da aka sauke ta, ta shafa wuyan dokin, ta ce wa Orrin ya nemo yarinyar da ba ta da doki ya ba ta, da sirdin duka. Ba ta kai wani bikin ba.