Azumin Ummi Na Farko

Ranar farko ta azumin da ya faɗo tsakiyar bazara, ina aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da ƙanwata Ummi kwance a gindin randa a gidanmu na Kagarawal, ta manna kuncinta a jikin randar don ta ji sanyi. Leɓenta duk ya tsage. Shekararta tara, kuma kakarmu Dada ta yi mata alkawarin dafaffen ƙwai in ta kai azumin.

Ummi ba haka aka haife ta ba. Tun da ta faɗo daga kan mangwaro a gonar Baffa ta bugu a kai, ruwa ya daina zama a jikinta. Ta sha moɗa guda, ta zagaya, ta dawo ta ƙara. Muna tsaka da 'yar gala-gala sai ta watsar da wasa ta ruga randa, in kuwa aka aike mu ɗebo ruwa, kafin mu iso gida ta rage bokitin. A makaranta Tanka suke kiranta, wai motar dakon ruwa. Maƙwabta suka ce ciwon suga ne, sai Dada ta yi gwajin da kowa ya sani a unguwa: ta sa ta ta yi fitsari a bayan ɗaki, aka zuba ido a ga ko tururuwa za ta taru. Ko ɗaya ba ta zo ba. "To kun gani, lafiyarta lau," in ji Dada. "Sabo ne kawai, azumi zai gyara mata ciki."

Da la'asar Mama ta kasa daurewa, ta miƙa mata moɗa. Ummi ta kau da kai, ta ce da ni, "Adda, ai saura kaɗan ko?" Na ce saura kaɗan. Kafin magariba ta daina amsa kira. Baffa ya saɓe ta sai asibiti, washegari aka dawo mana da ita a naɗe. Ni dai ban yi kuka ba, wallahi ban ji komai ba. Na wanke kwanuka, na share tsakar gida saboda masu gaisuwa.

Sai da na yi aure na koma unguwar Malam Inna, wani likita maƙwabcinmu ya ji labarin ya yi mini bayani. Ya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, shi ke sakin sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. In buguwa ta lalata shi, ruwa wucewa kawai yake yi, babu ruwansa da suga. Yanzu, in ji shi, 'yar ƙwaya ake haɗiya, yaro ya je makaranta abinsa, ya girma, ya yi aure. Na ce masa na gode, na shiga gida na ɗora tuwo.

Ƙishirwa yarinyar take ji, kuma gidanmu babu wanda ya san hakan ciwo ne.