Haƙarƙarin Jakin Barsum

Mijina Barsum mai fentin allunan shaguna ne a Shubra, nan Alƙahira. Hannu kam Allah ya ba shi, kan ne ba ya zama wuri ɗaya. Tun ranar da ya ga zane yana motsi a majigi, ya rantse sai ya sa jaki tafiya a farin bango.

A gwajin farko, kowace takarda sai ya zana jakin, ya sake zana unguwar da ke bayansa. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya maimaita layi daidai. Da aka haska a gidan silima, jaki na tafiya, gidaje na rawa. 'Yan kallo suka yi ta ihu, "Girgizar ƙasa!"

Mitri mai gidan siliman ya ce, "Maigida, dama ɗaya ta rage maka. Gidajen nan suka sake rawa, ka koma wa allunanka."

Sai dabara ta faɗo masa: a zana unguwa sau ɗaya, jaki kuma a kan fallaye masu shara-shara kamar gilashi, a riƙa ɗorawa a kai. Lokacin yaƙi ne, babu su a kasuwa. Ya dinga kwaso tsofaffin hotunan ƙirji da asibiti ke zubarwa, ni kuma ina wanke su da ruwan zafi da kanwa har baƙin ya fita.

Na ware wasu na ce, "Barsum, waɗannan ba su fita ba."

"Ke Nargis, wa zai gani?"

"Mai ido. Kai da jakinka ban san wa ya fi taurin kai ba."

Ya kwashe abinsa.

Ranar haskawa gidaje suka tsaya cak. Jaki ya taho, sai ga haƙarƙarin wani bawan Allah yana bayyana a cikinsa yana ɓacewa. Barsum ya sunkuyar da kai. Wani daga kujerun baya ya ɗaga murya, "Mai jaki, ka ji tsoron Allah, ka ba shi dusa!" Wuri ya kaure da dariya.

Mitri ya tare shi a ƙofa. "Haƙarƙarin nan, ya aka yi ka yi shi?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Barsum, bai ko kalle ni ba.

Bai sake fentin allo ba. Har ya koma ga Allah yana faɗa wa mutane da gangan ya yi, ni kuma ya hana ni wanke fallayen da kyau.