Fuskar da Baba Bai Zana Ba

Babana mai aski ne, amma ba ya taɓa kan kowa da safe sai ya yi zane. Yana buɗe shago zai share gashin jiya, ya goge madubi, ya feƙe fensir da tsohuwar reza. Duk wanda Allah ya fara jefowa, sai ya zaunar da shi ya zana fuskarsa a bayan kwalin sabulu. Ko ruwa ake tsugawa, ko jikin ba daɗi, bai taɓa fashi ba. Masu sauri sun san halinsa, ba sa zuwa da wuri.

Ba zan yi masa kara ba, zanensa na farko-farko abin tausayi ne. Wani direba ya taɓa duba nasa ya ce, "Mai aski, me na yi maka da zafi haka?" Baba ya yi dariya, washegari ya sake feƙe fensir. Da tafiya ta yi nisa hannun ya faɗa, har mutane suna roƙon a ba su nasu su kai gida.

Dokarsa ɗaya ce: ba ya zana abin da ba ya gabansa. Ya ce ƙwaƙwalwa tana ƙarya. Innarmu kuwa ba ta taɓa zama masa ba. In ya yi mata tayi sai ta ce, "Malam, tukunya na kan wuta." Shi ma ba ya matsawa. "Ai kina nan, akwai lokaci."

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin mu farga ta tafi. Hotonta ɗaya tak muke da shi, na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar an ɓata mata rai. Baba ya dube shi ya ce wannan ba ita ba ce.

Daga nan ya karya dokarsa, ya zauna zai zano ta da ka. Hannun ya ƙi. Shekara da shekaru ya koya masa bin ido, yanzu ido ba shi da abin kallo. "Muryarta na nan a kunnena," ya ce mini, "amma fuskar kullum sai ƙara zille mini take."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ya zana direbobi da 'yan dako, ya bar matarsa. Amma tausayinsa ya fi yawa, don ko a wannan hali bai bar zaman safe ba. Da fuskar ta gagara, sai ya koma zana kayanta: takalminta da ya cinye ta gefe ɗaya, kofinta mai karyayyen hannu, mayafinta a jikin ƙusa.

Wata safiya na kai masa shayi, ya tsura mini ido ta cikin madubi.

"Zauna nan. Ɗan juya wajen taga."

Na zauna har wuyana ya ƙage. Da ya miƙo kwalin, na ga haɓata da goshina, amma akwai tabon Innarmu a gefen gira, wanda ni ba ni da shi, da furfura a bakin ɗankwali. Inda idanu za su zauna kuwa ya bar shi fari. Kuka ya ƙwace mini.

Baba ya karɓi kwalin ya jingina shi da madubi.

"Gobe ma ki zo da wuri," ya ce. "Saura idon."