Tabarmar Makokin Kaka

A gidanmu na Fadan Kagoma, ba a fara tatsuniya sai an kwashe citta daga shanya. Da rana ta yi ja, sai a tattaro mu yara mu zuba cittar da aka tsaga cikin buhu, hanci na yoyo, ido na yaji. Ladanmu shi ne wutar da Kaka Saratu ke hurawa a ƙofar ɗakinta, da gwazar da take binnewa a toka. Ba ta buɗe baki sai gwazar ta nuna an raba, domin a cewarta ba za ta ɓata yawunta a kan yaran da hankalinsu ke cikin toka ba.

Ba ita kaɗai ke zama a bakin wutar ba. Kusa da ita, a kan kujera 'yar tsugunno, kullum akwai Inna Hajo, wata Bafulatana siririya mai dogon wuya, tana gyaran faifai ko tana ɓare gyaɗa. Inna ba jininmu ba ce, ba kuma addininmu ɗaya ba. Tun kafin a haife ni ta zo gidan da ƙwaryar nono a ka, bayan ciwo ya cinye shanun mijinta, shi ma ya bi su, ga shi ba ta da ɗa ko ɗaya. Zazzaɓi ya kayar da ita a ƙofar Kaka, wadda ita ma a lokacin ba ta daɗe da binne kakanmu ba, tana fama da yara maza biyu. Kaka ta shigar da ita ɗaki don ta kwana biyu ta ji sauƙi. Kwana biyun nan ne har muka zo duniya muka tarar ba su ƙare ba.

Ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, gonar cittarsu ɗaya. Ban taɓa ganin mutane biyu masu son faɗa a kan gishirin miya kamarsu ba. Kaka ta ce Inna ba ta san abinci ba sai nono, Inna ta ce Kaka za ta kashe su da barkono. Amma tun da Inna ta shigo, naman alade bai sake shiga tukunyar Kaka ba, kuma Kaka mace ce mai son sa ƙwarai. Da azumi Kaka ce ke tashi ta dama wa Inna kunun acca tana mita. Ran Lahadi kuwa Inna ce ke fito da zanen Kaka na zumuntar matan coci ta karkaɗe, ta tsaya a kan Kaka tana azalzalarta kada a fara sujada ba ta isa ba. Mu dai mun ɗauka kowane gida haka yake, kaka biyu, ɗaya mai tsawa, ɗaya mai ɓoye mana ƙuli a bakin zane.

Shekarar da Kafanchan ta hargitse, ina aji huɗu a firamare, abubuwa suka fara canjawa. Mutanen da suka sha nonon Inna shekara da shekaru suka koma amsa gaisuwarta da baki ɗaya. A daidai lokacin kuma ƙafafun Kaka suka fara kumbura, kowa ya gane ƙarfinta yana tafiya. Sai ƙanin babana, Ankul Bitrus, wanda ke aikin akawu a Kafanchan, ya tayar da maganar da manya suka daɗe suna kaucewa: idan Kaka ta tafi, mece ce Inna a gidan nan?

Tambayar tana da nauyi saboda wata al'ada ta danginmu. Idan an yi rasuwa, akan shimfiɗa tabarma a ɗakin mamaci, waɗanda aka yi wa rashi su zauna a kai, masu gaisuwa su shigo su durƙusa musu. Ba kowa ke hawa tabarmar ba, sai wanda za a iya faɗin matsayinsa: ɗa, 'ya, mata, 'yar'uwa. Wanda ya zauna a kanta ya zama ɗan gida a idon kowa, ba mai iya tashinsa bayan an watse. Wanda bai zauna ba kuwa baƙo ne, ko da a gidan ya tsufa.

Ankul Bitrus ba mugu ba ne, kuma Inna ce ta goya shi. Mutum ne dai mai son kowane abu ya zauna a akwatinsa. Shawararsa ita ce a bar wa Inna ƙaramin ɗakin da ke kusa da turken awaki, a riƙa ba ta abinci da sutura har ƙarshen ranta, amma maganar tabarma a bar ta, don kada dangi da mutanen ikilisiya su sa mu a baki. Ya ce ai ba abin da za ta rasa sai suna. Na ji wannan magana ina wanke-wanke a bayan madafa, kuma Kaka ma ta ji, domin kunnenta bai tsufa tare da ƙafafunta ba.

Wata Asabar da yamma, babana ya dawo daga aikinsa na reluwe, Ankul ma ya zo, suna zaune a benci nesa kaɗan suna sauraron rediyo. Kaka ta sa aka kashe rediyon, wai yana hana ta jin kanta. Sannan ta tofa ɓawon gwaza a wuta ta ce, kamar yadda ta saba, "Ga wani baƙo yana zuwa." Muka amsa, "Ya shigo ya zauna."

Labarin Kaza da Zabuwa ta ɗauko, wanda muka sani kamar yunwar cikinmu. Shaho ya ɗauke mijin Kaza, tarko ya kama mijin Zabuwa, sai su biyun suka haɗa akurki. Zabuwa ta iya ƙwai amma ba ta da haƙurin kwanci, don haka Kaza ke kwanta mata. Kaza kuwa ba ta ganin nesa, sai Zabuwa ta hau kan danga tana gadi, da ta hango inuwar shaho ta ƙwala ihu. 'Ya'yansu suka taso a cakuɗe, ba mai cewa wannan na wance ne. Yadda muka san labarin, a ƙarshe dila ne ke zuwa sata, su biyun su ruɗe shi har ya faɗa ramin toka, mu yi ta dariya. A wannan yammacin dila bai zo ba.

Maimakonsa, Kaka ta ce Sarkin Tsuntsaye ya yi shela cewa damina mai nauyi na tafe, kowane gida ya zo ya faɗi mutanensa a ba su rumfa. Kaza ta zo da Zabuwa. Kaka ta kumbura murya irin ta sarki, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji:

"Kai Kaza, wannan mai zane-zane a jiki, menene naka? Ƙanwanka ne? Kaza ya ce a'a. Matanka ne? Kaza ya ce a'a, yaya za a yi. To yaronka ne? A'a. Sarki ya ce, to abin da ba shi da suna, ina zan sa shi?"

Sarkin ba azzalumi ba ne, in ji Kaka, har ma ya ji tausayi. Ya yanke cewa a riƙa watsa wa Zabuwa hatsi daidai da na Kaza, a bar ta ta raɓe a gindin rumfa inda ruwa bai cika bugu ba. Tsuntsaye suka yaba adalcinsa. Aka zauna haka har ranar da Kaza ta mutu. Zabuwa ta taho da gudu za ta shiga ta ga gawar, masu tsaron ƙofa suka tambaye ta ko ita wace ce. Ta buɗe baki ta rasa abin faɗi. Agwagwa ta shiga, wai surukar ƙanwar zakara ce, ba ta ma san launin marigayiyar ba. Zabuwa na tsaye a waje. Shi ya sa har yau zabuwa ba ta zama ta daji ba, ba ta zama ta gida ba, tana bin bayan danga tana kuka, mutane na cewa ta cika surutu.

"Na sauke shi a nan," in ji Kaka.

Ƙanena ya tashi tsaye ya ce ba haka labarin yake ƙarewa ba, ina dila? Kaka ta ce dila ya tafi hutu. Ni kuwa na kalli Inna na ga hannunta ya daina ɓare gyaɗa.

Ankul ya yi 'yar dariya daga benci ya ce ya gane da shi ake. Ya sake jera hujjojinsa cikin ladabi, ɗaki, abinci, sutura, har da kuɗin asibiti idan ta kama. Kaka ta bar shi ya gama.

"Bitrus," ta ce, "abinci ko kare ana ba shi. Wanda ya ba da ɗaki yau, gobe zai iya karɓa. Ni ban san sunan da za ku kira shi ba, ku ne masu boko. Amma wannan mata ne zai yi kuka na gaskiya ran da na mutu. Ina ne zai zauna ya yi?"

Inna ce ta sa baki da muryarta ƙasa-ƙasa: "Saratu am," wato Saratuna da Fulatanci, "bari yara su ci gwazansu." Babana, wanda magana ke yi wa tsada, ya tashi ya ƙara itace a wutar ya koma benci. Aka watse ba a yanke komai ba, kuma ba a sake tayar da zancen a gabanmu ba.

Kaka ta ƙara wasu shekaru, don taurin kai ina ji. Ta rasu a farkon damina, ina sakandare a Kafanchan. Da na iso gida an riga an shimfiɗa tabarma a ɗakinta. Ankul na zaune a kai, da wasu tsofaffin dangi daga ƙauyen su Kaka waɗanda rabon da in gan su tun ina goye. Na duba ban ga Inna ba. A bayan madafa na same ta, cikin hayaƙi, tana juya tukunyar faten acca da za a ba baƙi, tare da matan maƙwabta. Ba wanda ya kore ta. Ita ce ta kai kanta can don kada a ce saboda ita an yi rigima a kan gawar Saratu. Idanunta a bushe suke, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Babana ya dawo daga wajen masu haƙa kabari da laka a ƙafarsa. Ya leƙa ɗakin, ya fito, ya zagaya bayan madafa. Ya karɓi muciyar daga hannun Inna ya miƙa mini, ya riƙe hannunta kamar yadda ake riƙe wa uwa, ya bi da ita ta tsakiyar mutane. Na ajiye muciyar na bi su, fate ya ƙone ko kada ya ƙone.

A ƙofar ɗakin wani dattijo cikin dangin Kaka ya ɗaga sandarsa ya tare hanya. Ya tambayi babana ko wannan Bafulatana mece ce ga mamaciya da za ta hau tabarma.

"Baba," in ji babana, "ita aka yi wa rasuwa. Mu taya ta muke yi."

Dattijon ya dubi Ankul yana jiran ya goyi bayansa. Ankul Bitrus ya sunkuyar da kai, sannan ya ja jiki ya matsa, ya bar mata wurin da ke jikin gadon Kaka. Inna ta zauna, ta ɗora tafin hannunta a kan katifar, sai a lokacin kukan ya zo mata. Matan zumunta suka shigo layi-layi suna durƙusa mata, wasu da zuciya ɗaya, wasu don sun ga na gaba ya yi. A ɗakin nan ta ci gaba da zama har nata lokacin ya yi, kuma Ankul ne ya fi kowa kawo mata sukari da ganyen shayi, yana mita irin ta uwarsa.

Kusan ƙarshen shekarun casa'in, ina koyarwa a wata makaranta kusa da Mararaban Rido, rediyo ya kawo labarin gardamar da ake yi a ƙasashen Turawa game da maza biyu ko mata biyu masu zaman tare. Wasu na cewa a kira abin aure, wasu na cewa a ba su haƙƙin gado da na jinya amma a nemo masa wani suna. Ɗakin malamai ya ɗauki zafi, Kirista da Musulmi ranar bakinsu ya zo ɗaya wajen tir. Ni kuwa abin da na ji shi ne muryar Ankul yana cewa ba abin da za ta rasa sai suna.

Ban ce abin da ke tsakanin Kaka da Inna shi ne abin da Turawan ke gardama a kai ba. Ban sani ba, ban taɓa tambaya ba, kuma da na tambaya da Kaka ta jefe ni da takalmi. Ni ba fasto ba ce, ba kuma alƙali ba, har yau ina da tambayoyin da ban warware wa kaina ba. Amma ina ƙaunar matan nan biyu, kuma na ga yadda tsohuwa ke juya fate a bayan madafa alhali wadda suka yi rabin rayuwa tare tana kwance a ɗaki. Tun daga ranar, duk inda na je gaisuwar mutuwa, ina gama durƙusa wa na kan tabarma sai in zagaya bayan gida, in duba ko akwai wanda aka bari a tsaye.