Sannun da Na Yi wa Mai Jifa

Shekara biyu na yi ina buga besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, a Kuala Lumpur, kuma har yau in na tuna abin da ya raba ni da wasan sai raina ya ɓaci.

Maƙwabcina a Sri Petaling, wani ɗan Jos mai karatun injiniya, shi ya fara jan ni zuwa wani fili kusa da Bukit Jalil duk Asabar da safe. Ƙungiyar tsince-tsince ce: 'yan Japan ma'aikatan kamfani, Malayawa uku, sai mu biyu. Ni can ƙarshen fili aka ajiye ni, ina gadin ciyawa. Ban damu ba, da hanau gara mannau.

Mai jefa mana ƙwallo wani dattijo ne ɗan Japan, furfura ta cinye kansa, muna ce masa Baba. Shi ya koya mini tarihin wasan a shagon mamak, wato mai shayin can, muna shan shayi mai kumfa. Ya ce gwanaye sun ci kofuna, an rataye rigunansu a gidajen tarihi, amma babban burin mai jifa shi ne a tashi wasa ba wanda ya doki ƙwallonsa ya kuɓuta. Tun yana sakandare yake neman irin wannan rana, bai taɓa samu ba.

Sai ga Asabar ɗinsa ta ƙarshe, ya yi ritaya zai koma gida. Ranar hannun Baba kamar ba nasa ba. Zagaye bakwai muke yi, har aka gama shida duk wanda ya ɗauki sanda sai ya koma yana girgiza kai. Amma abin da na gani a bencinmu ya ƙona mini rai. An bar tsohon a can ƙarshe shi kaɗai yana zufa, ba mai ko kallonsa. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su da kara. A gidanmu babba ba ya aiki a rana a ƙi yi masa sannu. Na ɗauki gorar ruwa, na durƙusa gabansa, na ce masa da Turanci sannu da ƙoƙari, Masha Allah, yau ba wanda ya doki ƙwallonka, saura zagaye ɗaya.

'Yan benci duk suka juyo suna kallona. Baba ya karɓi ruwan da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, bai sha ba. A zagaye na bakwai mutum na biyu ya zabgi ƙwallon, ta taso ta faɗi taku uku a gabana, ya kuɓuta, burin Baba ya rushe.

A jirgin ƙasa ɗan Jos ya ce, "Haba Malam! No-hitter ai ba a mentioning, ba a ma zuwa kusa da pitcher. Kowa ya sani lah." Wato camfinsu ne: in mai jifa ya kusa cika wannan buri, ba a ambata, ba a matsarsa.

Na ce, "Kai ka gaya mini?"

Ya ce, "I thought ka sani."

Shekara biyu suna koya mini riƙon sanda da rusuna wa fili kafin a shiga, wannan ɗaya ce kawai ba wanda ya ga ya dace ya faɗa. Na ji haushinsu, har yanzu ina ji. Amma na fi jin haushin kaina, ni da kakata ba ta yarda a yaba ƙibar jariri don tsoron kambun baka. Na san sarai hannun tsoho ne ya gaji, ba bakina ya jefa ƙwallon ba. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Ban sake taka filin ba. Bayan Baba ya tafi na aika masa da doguwar ban haƙuri ta waya. Ya amsa da layi biyu: ba komai, ya gode da ruwa, kafaɗarsa ta gama aiki, ya ba jikarsa safar hannunsa ta wasa. Da ma zagina ya yi.