Malam Maiwada, Wakilin Gidan Haya na Dutsen Kura

Kowace safiya, kafin masu shaguna su buɗe, Malam Maiwada ya riga ya zagaya gidan hayar da yake wakilta a unguwar Dutsen Kura a Minna, yana leƙa kwata, yana taɓa famfo, yana amsa gaisuwa ƙofa-ƙofa. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aiki. Yanzu gwiwa ta ce ya isa haka, ƙarshen shekara zai ajiye.

Dokarsa biyu ce tun zamanin marigayi mai gidan. Ba a ƙara kuɗin haya a tsakiyar shekara. In kuma za a ƙara wajen sabunta haya, mai gida ne zai zo ya faɗa wa ɗan haya da bakinsa, ido da ido.

Bana sai Amir, ɗan marigayin, ya bugo waya daga Abuja: a ninka kuɗin, wanda ba zai iya ba ya kwashe kayansa. Hankalin Phoebe ya fi na kowa tashi. Mijinta ya rasu, tana ɗinki a ɗaki ɗaya da yara uku, hayarta kuma ta kusa ƙarewa.

"Baba, ina zan kai yaran nan?" ta tambayi Malam Maiwada.

"Ki ci gaba da ɗinkinki, 'yata. Ni ba na kai irin wannan saƙo."

Shi ma fa a tsorace yake, don wakili ba shi da komai sai baki. Duk da haka ya ce wa Amir, "Alhaji, gida naka ne, ƙari ma ba haram ba ne. Amma mahaifinka bai taɓa aiko shi ta waya ba. Ka zo ka faɗa mata."

Amir ya zo yana cika yana batsewa. Ya zauna a benci kusa da keken ɗinkin Phoebe, yara suka zuba masa ido. Da ya buɗe baki, ninkin nan ya ƙi fita. Ɗan ƙari kaɗan ya iya furtawa, aka sabunta hayar.

Malam Maiwada, kai ne bango madafar marasa ƙarfi. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Wakilai da dillalan Minna, ku yi koyi da shi tun yana raye. Shekara ɗaya ya samo wa Phoebe. Baɗi ya riga ya ajiye aikin, kuma har yau ba ta san wa zai karɓi makullan gidan daga hannunsa ba.