Damin Dawar Mutumin Da Ba Mu Sani Ba

Duk abin da zan manta a duniya, ban da daminar da idon yayana ya rufe, da wahalar da wata tsohuwar kwamfuta ta ba ni a gidanmu da ke kusa da Ƙarfi.

Yaya malamin sakandare ne, tarihi yake koyarwa, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ciwon ido ya daɗe yana cinsa a hankali, har wata safiya ya ce mini, "Injiniya, yau ko tafin hannuna ba na gani." Injiniya yake ce mini don tsokana, saboda ɗan teburin gyaran waya da tura fina-finai da nake da shi a Malumfashi. Ba a jima ba aka aiko masa cewa wani kwamiti zai zo ya duba ko zai iya ci gaba da koyarwa, in ba zai iya ba a sallame shi. Na san halin mutumin nan. Raba shi da aji daidai yake da binne shi da rai.

Yana da wata kwamfutar cinya ta hannu, tsohuwa tukuf. Ni na sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya ɗauka, don shi kaɗai ne ba ya yi mata nauyi. Na ji an ce akwai manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Sai na bugi ƙirji na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, gobe kwamfutarka za ta yi magana." Ashe baki shi ke yanka wuya.

Ƙauyenmu ba sabis mai ƙarfi, sai an je gari. Mu kuma masu turawa abin da muka sani shi ne a kwafi abu guda a filas, a zuba, shi ke nan. Haka na yi. Na sauke manhajar a Malumfashi, na hau babur cikin caɓi na dawo gida ina ta fara'a. Ina sawa, kwamfuta ta ce atafau, wai wannan manhaja ba ta aiki sai da wasu ƙananan manhajoji da take dogara da su. Na koma na kwaso su, su ma suka ce sai da nasu. Yaya na zaune a tabarma yana jin tsakina, ya ce, "Injiniya, wannan aba taka amarya ce? Na ji ba ta tarewa sai da 'yan rakiya."

Na yi ta zirga-zirga har na tara su, saura ɗaya, wadda ke fitar da muryar kanta. A nan gizo ya yi saƙa. Wadda aka haɗa a shirye ta sababbin kwamfutoci ce. Irin tamu tsohuwa, sai dai ka ɗauki ɗanyen rubutun manhajar ka haɗa da kanka. Kamar ka je neman garin tuwo ne a miƙo maka tsabar masara, kai kuwa ba ka da injin niƙa. Na gwada, wallahi na gwada. Kwamfuta ta yi zafi kamar a soya ƙwai, ta yi nisa sai a ɗauke wuta, in an kawo ta watso mini wasu rubuce-rubuce da ban san kansu ba.

Ranar kwamiti na ta matsowa. Wata la'asar na shigo gida na tarar Yaya ya sa matarsa tana ɗaure littattafansa a buhu, wai a kai wa makaranta. Ya ce, "Bar wahalar da kanka, ƙanena. Ka yi iyakar yinka." Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma ni sai da na fita bayan gida na yi kuka sosai.

Washegari a Malumfashi na shiga wani dandalin intanet na masu amfani da Linux, na rubuta kukana da ɗan gurgun Turancina. Ban sa rai ba. Sai ga amsa daga wani mutum, ban san ƙasarsa ba, ban san addininsa ba. Ya ce ya daɗe yana haɗa wannan manhajar don tsofaffin kwamfutoci yana ajiyewa a wani wuri, ba wanda ya sa shi, har ma yana shirin dainawa, don yana zaton ba mai amfani da su yanzu. Ya nuna mini inda zan ɗauka, ita da 'yan rakiyarta duka a dunƙule.

Ban san yadda na iso gida ba. Na zuba, na kunna, sai ga wata murya kamar ta mai mura ta fito. Yaya ya miƙo hannu ya lalubi madannai, duk wanda ya taɓa ta faɗi sunansa. Na buɗe masa darasin da ya rubuta da kansa tun yana gani, ta shiga karantawa. Ya saurara, can ya ce wa matarsa, "Kwance buhun nan."

Kafin ranar ya haddace madannan nan tsaf. Kwamiti suka zo, ya shiga aji da abin ji a kunne, ya koyar, ya rubuta wa ɗalibai tambayoyi a gabansu. Suka bar shi da ajinsa, har yau yana ciki.

Da kaka ta yi, muna ɗaure dawa, Yaya ya sa aka ware dami ɗaya, babba. Ya ce na mutumin nan ne. Na ce, "Haba Yaya, ko ƙasarsa fa ba mu sani ba." Ya ce, "Gayya ya zo mana. Ka taɓa ganin ɗan gayya ya tashi bai ci komai ba? Allah ya san inda yake." Aka yi sadaka da damin da niyyarsa, kuma Yaya ya tsare ni sai da na rubuta masa duk abin da ya faru. Amsarsa gajera ce. Ya ce ya fasa dainawa.

Tun daga nan na gane cewa duk manhajar da na taɓa ta hau ba gardama, wani ne ya sha wahalar niƙa ta a inda ba na gani. Irin waɗannan mutane ba lada suke jira daga gare mu ba, amma shirunmu yana iya sa su ajiye aikin. Shi ya sa yanzu in abu ya yi mini amfani, nakan nemi mai shi in ce masa na gode, ko da ban san fuskarsa ba.